Yadda Ake Magance Ɓarewar Kiliya Kafin a Sake Fentin A-kori-kura a Gida

Duk wanda ya saba ganin motocin a-kori-kura da ke jiran lodi a bakin kasuwa ya san wannan kama: rufi da bonet sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka, a wasu wuraren kuma wata siririyar fata tana ɗagowa tana ɓarewa kamar ɓawon albasa, alhali ƙofofi da gefen bodi suna nan da sheƙinsu. Abin da ya mutu a irin wannan mota shi ne kiliya, wato shafin ƙarshe marar launi da ake fesawa a kan fenti domin ya ba shi sheƙi ya kuma kare shi daga rana. Mai motar da ya yi niyyar sake fenti a gida yana bukatar ya san tun farko cewa kiliyar da ta fara ɓarewa ba a gyara ta daga sama, kuma duk fentin da aka ɗora a kanta zai tashi tare da ita, komai tsadarsa.

Dalilin haka yana cikin yadda aka jera fentin. Tun daga shekarun 1980 yawancin kamfanonin mota suka koma tsarin launi daban, kiliya daban. A kan ƙarfe akwai shafin hana tsatsa da ake yi ta hanyar tsoma bodin gaba ɗaya a cikin kwatami ana sa masa lantarki, sai faraima, wato shafin da ke shimfiɗa wa launi wurin kamawa, sai launi, sai kiliya a sama. Duka huɗun idan aka haɗa su, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, maikiron kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kiliya ita kaɗai ba ta cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, kusan rabin kaurin takardar rubutu ke nan. A cikin wannan ɗan siririn shafi ne aka zuba sinadaran da ke tare hasken rana mai ƙona fenti, kuma waɗannan sinadarai suna ƙarewa a hankali. Idan suka ƙare, hasken yana ratsa kiliyar ya sauka a kan launin da ke ƙasa ya gasa fuskarsa, sai riƙon da ke tsakanin shafukan biyu ya saki. Saboda haka ciwon yana ƙarƙashin kiliyar, inda folish ko sabon feshi ba ya kaiwa. Shi ya sa kuma rufi da bonet da saman fenda suke fara lalacewa, domin su ne ke fuskantar rana kai tsaye.

Akwai wani dalili na biyu da ya shafi motocin hannu da ake shigowa da su ta Kwatano ko Legas, da waɗanda aka taɓa yi wa fenti bayan haɗari. Sau da yawa kiliyar da ke ɓarewa a kansu ta wani mai fenti ce da ya tsuga mata tina, wato ruwan tsinka fenti, don ta auku, ko ya rage mata hadina, wato sinadarin da ke sa ta taurare, ko ya fesa ta bayan launin ya daɗe da bushewa. Irin wannan takan tashi da faɗi, wani lokaci a ja ta da hannu ta biyo kamar leda.

Kafin a sayi ko da samfefa ɗaya, ya kamata a wanke motar a tsaya a gane wane irin ciwo ne, domin abubuwa uku suna kama da juna daga nesa. Idan fentin ya dusashe ne kawai, babu gefen da ya ɗago, kuma da an zuba masa ruwa sai sheƙin ya dawo har ya bushe, to, mai yiwuwa saman kiliyar ne ya gaji, kuma goga da folish za ta iya ceto shi na wani lokaci. Idan kuma akwai farin tabo mai iyaka wanda farce ke iya kama gefensa, kiliya ta riga ta rabu da launi. Na uku shi ne fentin da ya tsattsage ƙanana-ƙanana kamar busasshen tabki. Wannan tsagar takan nutsa har faraima, kuma maganinta shi ne a kankare har ƙarfe. Yana da kyau a kuma tabbatar cewa motar tana da kiliya tun asali, domin motocin aiki da yawa, musamman farare, an yi musu fenti mai shafi ɗaya ne wanda launi da sheƙi ke haɗe a cikinsa. A shafa ɗan folish da tsumma mai launi daban da na motar: idan launin motar ya fito a jikin tsumman daga wurin da bai ɓare ba, babu kiliya a wurin.

Gwaji biyu ne ke nuna iyakar aikin. Na farko, a je wurin da ake ganin lafiyarsa ƙalau kusa da tabon, a yi 'yan tsage-tsage masu giciye da reza, a manna tef mai ƙarfi a danna sosai, sannan a fizge shi da sauri. Idan kiliya ta biyo tef ɗin, wurin ma ya mutu ko da ido bai gani ba. A yi ta matsawa ana maimaitawa har a isa inda tef ya fito babu komai. Na biyu, a jiƙa tsumma da tina a ɗora a wani ɓoyayyen wuri na ɗan lokaci. Idan fentin ya yi laushi ko ya yamutse, an taɓa fesa masa fenti marar hadina, kuma tinar da ke cikin sabon fenti za ta yi masa haka nan a duk faɗin motar. Irin wannan tsohon fenti cire shi ake yi gaba ɗaya.

A ganina, wanda ya ga rufi ya ɓare ya ce zai gyara tabon kaɗai yana ɓata kuɗinsa ne. Rufin duka shekarunsa ɗaya, ranar da ya sha ɗaya ce, kuma abin da bai ɓare bana ba zai ɓare baɗi. Ana ɗaukar kowane ɓangare ne daga gefe zuwa gefe, rufi dukansa, bonet dukansa, saboda kiliya tana bukatar ta ƙare a bakin ƙarfe ko a wata gaɓa ta bodi. Idan aka tsayar da ita a tsakiyar fili, siririn bakinta shi ne zai fara ɗagowa. Dabarun da ake yaɗawa na shafa mai, ko fesa kiliyar gwangwani a kan tabo, suna sa mota ta yi kyau na ɗan lokaci, sannan su ƙara wa mai gyara wahala, domin man da ya shiga tsagar fenti yana da wuyar fita.

Maganar lafiya ta zo kafin maganar feshi. Hadinar da ake zuba wa kiliya da faraima masu haɗi biyu, waɗanda ake rubuta wa 2K a jikin gwangwani, galibi tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda shaƙarsa ke haddasa asma, kuma wanda jikinsa ya riga ya kamu, ɗan kaɗan ma yana tayar masa da ciwon daga baya. Hanci ba ya jin warinsa a lokacin da ya kai matakin cutarwa. Takunkumin takarda ko ɗaure fuska da rawani ba ya tare shi ko kaɗan. Abin da hukumomin kula da lafiyar ma'aikata suka fi amincewa da shi shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Mai mazubin gawayi kariyarsa ba ta kai wannan ba, kuma mazubin yana gajiya da sauri. Ana kuma bukatar safar hannu ta roba, da tabarau, da rigar da ta rufe jiki. Hazon feshin yana bin iska, don haka ba a yin wannan aiki a tsakar gidan da yara ke wasa, ko kusa da madafa, randar ruwa, turken dabbobi ko tagar maƙwabci, kuma tururin tina yana kama wuta daga murhu, sigari ko janareto. Wanda ba shi da wurin da ya cika waɗannan sharuɗɗa, hanya mafi hankali ita ce ya yi kankara da gyaran fuska a gida, wanda shi ne mafi yawan aikin kuma shi ne ke cin kuɗin hannu, sannan ya kai motar ɗakin feshi a yi mata launi da kiliya. Ƙurar tsohon fenti ma ba abin shaƙa ba ce, sai da takunkumin ƙura mai kyau.

Aikin yana farawa da wanki, sannan a goge bodin da sinadarin cire maiƙo kafin samfefa ta taɓa shi. Wannan jeri yana da muhimmanci, domin idan aka fara goga alhali akwai kaki ko man silikon a sama, samfefa za ta cusa shi cikin ƙarcen da ta yi, daga baya ya fito a sabon fenti a matsayin ƙananan ramuka. A jiƙa da tsumma ɗaya, a share da wani busasshe tun wurin bai bushe ba. A cire duk abin da ke ciruwa, fitilu, madubai, tambari, hannun ƙofa da robobin gefen rufi, saboda bakin tef a jikin roba yana barin wurin da samfefa ba ta kai ba, kuma daga nan ne sabuwar ɓarewa ke somawa.

Kiliyar da ta riga ta saki ana iya tayar da ita da reza a kwance ko da iskar kwamfuresa, abin da ke rage cin samfefa. Bayan haka a shiga da samfefa mai lamba 180 a kan injin goga mai kaɗawa, a biyo da 240, a ƙare da 320. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, kuma ba a tsallake mataki da yawa domin kowace lamba aikinta shi ne share ƙarcen wadda ta gabace ta. Ƙurar da ke fita tana ba da labari: muddin fara ce, ana cikin kiliya, idan ta ɗauki launin motar an shiga launi, idan kuma ta koma toka-toka ko wani launi daban an kai faraima. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa da zarar kiliya ta fita. Launin da ya zauna a buɗe watanni yana shan rana ya riga ya ƙone ya zama gari, ba zai riƙe komai ba, don haka a wuraren da suka ɓare sai an sauka har faraimar kamfani. Ita kuwa wannan faraima da shafin hana tsatsa da ke ƙarƙashinta, idan lafiyarsu ƙalau, a bar su, domin babu abin da za a fesa a gida da zai kai su riƙon ƙarfe.

Inda aikin ya fi bukatar haƙuri shi ne iyakar da ke tsakanin wurin da aka kankare da wurin da tsohon fenti ke nan daram. Ana so a kwantar da wannan iyaka ta zama gangare mai faɗi, yadda kowane shafi zai fito kamar zobe a bayan ɗan'uwansa, har idan mutum ya rufe ido ya shafa da tafin hannu ba zai ji tudu ba. Idan ana goga bakin kiliyar yana ci gaba da ɓamɓarewa maimakon ya narke cikin gangaren, ba a kai ga mai lafiya ba tukuna, sai a ƙara gaba, ko da hakan zai kai mutum ƙarshen bonet. Yawanci ma can yake kaiwa. Ba a amfani da injin gurza ƙarfe a kan rufi ko bonet, kuma ba a tsayar da injin goga wuri ɗaya, domin ƙarfen wuraren siriri ne kuma zafi yana lanƙwasa shi. Kusurwoyi da layukan bodi da hannu ake bin su. Sauran wuraren da kiliyarsu ta ci gwajin tef ba sai an cire ta ba; a goge ta da 400 zuwa 600 har sheƙin ya mutu gaba ɗaya, domin duk ɗigon da ya rage yana ƙyalli wuri ne da sabon fenti ba zai kama ba. Mai Ford F-150 ƙirar 2015 zuwa sama ya tuna cewa bodinta na alminiyam ne, kuma ba a goga shi da samfefar da ta taɓa baƙin ƙarfe.

Duk inda ƙarfe ya bayyana a rufe shi a ranar da faraimar efoksi, bayan an cire tsatsa har ƙarfen ya yi fari. Idan akwai lotsawar da ke bukatar foti, wato kwaɓin da ake cike ramin bodi da shi, a tuna cewa foti yana shan ruwa, don haka a bushe ake goga shi, kuma ba a ɗora shi a kan faraima mai asid. Daga nan sai faraima mai kauri ta 2K, feshi biyu ko uku da bakin bindigar feshi na milimita 1.7 ko 1.8, ana barin mintuna biyar zuwa goma tsakaninsu. Feshin farko ya zama marar nauyi a kan iyakokin da aka kwantar, domin tina mai yawa tana iya shiga ƙarƙashin bakin tsohon fenti ta yamutsa shi. A bar faraimar ta bushe sosai, gara a ƙara mata kwana, saboda tana tsukewa yayin bushewa, kuma idan aka goge ta da wuri zoben gyaran zai bayyana a ƙarƙashin sheƙi bayan makonni. Kafin goga a yi mata ɗan yayyafin baƙin fenti sama-sama, sannan a bi da samfefa 400 a naɗe a jikin katako mai shafaffiyar fuska: inda baƙin ya rage akwai rami, inda ƙasa ta leƙo akwai tudu. A ƙare da 500 ko 600, ko 800 idan launin mai ƙyalƙyalin ƙarfe ne, domin irinsa yana tona kowane ƙarce.

A nan ne ya kamata mai motar aiki ya sake tunani a kan ko yana bukatar kiliya ma. A-kori-kurar da ke ɗaukar buhuna da itace, idan launinta fari ne ko wani launi marar ƙyalƙyali, fenti mai shafi ɗaya na 2K ya fi dacewa da ita. Kaya iri ɗaya ake fesawa maimakon biyu, yana dusashewa da shekaru amma folish na dawo da shi, kuma ba shi da shafin sama da zai rabu da na ƙasa. Launi mai ƙyalƙyali ne ya wajabta kiliya. Lambar launin tana kan takarda ko farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin gidan inji. A motocin Toyota tana bayan haruffan C/TR, kuma 040 ita ce lambar farin da aka fi gani. Sai dai fentin da ya sha rana shekaru ba zai yi daidai da sabo ba ko da lambar ɗaya ce, don haka a fesa a kan ɗan faranti a kara da jikin ƙofa a hasken rana kafin a yanke shawarar yin wasu ɓangarori kaɗai. Faraima, launi, kiliya, hadina da tina su kasance na tsarin kamfani ɗaya.

Yawancin fentin mota an tsara shi ne don zafin da ke wajen digiri 20 zuwa 25, abin da ke nufin mai feshi a Kano ko Damagaram yana kokawa da yanayi kusan duk shekara. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fenti yana bushewa tun bai sauka ba, sai fuskar ta fito da kaushi; dole a nemi hadina da tina masu jinkirin bushewa, a kuma yi feshin da sassafe a inuwa, kan ƙarfen da bai ɗumama ba. A hunturu ƙura ce matsala, a damina kuma laima, wadda ke sa kiliya ta yi hazo-hazo ta kuma tara ruwa a tankin kwamfuresa. Makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo sun fi sauƙi. A kewaye wurin da leda ko tamfol a bar mashiga da mafitar iska, a yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta, kuma a guji feshin dare domin fitila tana kiran ƙwari. A zubar da ruwan tanki, a sa matarar ruwa a kan tiyo, a kuma tabbatar kwamfuresan yana iya ciyar da bindigar ba tare da iska ta faɗi a tsakiyar rufi ba, abin da ƙananan injinan hura taya ba sa iyawa.

Haɗin kiliya da hadina ana yin sa ne da kofin awo bisa abin da aka rubuta a gwangwani, galibi biyu da ɗaya ko huɗu da ɗaya, kuma a haɗa iya abin da za a fesa a lokacin domin yana daskarewa a cikin bindiga. Da bakin bindiga na milimita 1.3 ko 1.4, ƙarfin iska wajen "bar" 2 na ma'aunin iska a mashigar bindiga, da tazarar santimita 15 zuwa 20, a fesa launi sau biyu ko uku, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi, ana jiran kowane shafi ya daina ƙyalli, kimanin mintuna goma zuwa sha biyar. Sannan sai abin da ya fi kowane muhimmanci ga wanda ba ya son ɓarewar ta dawo: kiliya tana kama launi ne tun yana sabo, kuma kowane kamfani yana da wa'adin da ya sa, wanda galibi ba ya wuce awa 24. Wanda ya fesa launi yau ya bar kiliya sai jibi saboda rashin wuta ko ƙarewar kaya ya sake shuka ciwon da ya kwana yana kankarewa. Idan wa'adin ya wuce, a ɗan goge launin, a ƙara masa shafi ɗaya, sannan a yi kiliya. Ita kanta kiliyar feshi biyu cikakku ake yi, da mintuna biyar zuwa goma a tsakani, a fara da rufi a sauko, kuma ba a yi mata rowa a bakin ƙarfe da kusurwoyi, inda takan fi yin siriri.

Ƙura kaɗan, ko wurin da fenti ya zubo, ko fuskar da ta yi gurji-gurji kamar ɓawon lemu, duk ana gyara su bayan kwana ɗaya ko biyu da samfefar ruwa 1500 zuwa 2000 sannan folish. A yi hakan da taka-tsantsan, domin duk abin da aka goge daga kaurin da ke tare rana aka rage shi. Fentin da ya bushe da iska yana ci gaba da fitar da tina na makonni, saboda haka ba a shafa masa kaki sai bayan wata ɗaya zuwa uku gwargwadon umarnin kamfanin, kuma ba a lulluɓe shi da tamfol a wannan lokaci. Wanki da ruwa da sabulun mota ya wadatar. Garin sabulun wankin kaya yana cire kakin da aka shafa, busasshen tsumma a kan ƙurar hunturu kuma yana ƙarce kiliya kamar samfefa. Rumfar kwano ta fi inuwar darbejiya, domin kashin tsuntsu yana cin sabuwar kiliya da sauri idan rana ta buga shi, kuma idan ya sauka a jiƙa shi da ruwa a ɗauke a ranar.